Adashin Mata Biyar

A Aujara, bayan la'asar,
Inna na zaune kan kifaffen turmi
tana ƙirga kuɗin zubi a bakin zane.
Su biyar ne: ita, sai Lantana mai ƙuli,
sai Tasalla, sai Gwamma matar maƙeri,
sai Barmani, wadda kullum sai an aika mata yaro.
Kowace Laraba ɗaya ta kwashe.
Daga ta biyar babu ta shida,
kwasa ta komo hannun Inna.

Ta ce, "Shekara huɗu kina Zariya,
me kike karantawa har ido ya zurma?"
Na ce, "Adashinki, Inna."
Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta.

Na share ƙasa, na ja da'ira da tsinke,
na ɗiga ɗigo biyar.
Taka biyu, ƙara uku, kin dawo gida.
Taka uku, ƙara biyu, gidan dai ne.
Taro ne mai sauƙin kai,
na gaba da na baya ba sa jayayya.

Sai mu rataya wa kowane suna lamba,
wata da kuɗi, wata da bashi,
mu ƙulle su a tsumma guda.
Ƙulli ya hau ƙulli, mu tara.
Ƙulli ya bugi ƙulli, mu ninka.
Tambayar da ke hana mu barci ita ce:
wane ƙulli ke da ɗan'uwan da zai kwance shi?

Ga ɗaya: Lantana da Barmani, a ci Inna bashi.
Ga ɗan'uwansa: Tasalla da Gwamma, a ci Inna bashi.
Na buga su a ƙasa, gida tara suka fito.
Takwas suka cinye juna, biyu-biyu,
kamar gara da kara.
Saura ɗaya,
inda bashi ya bugi bashi.
Na ce, "Ke ce nan."

Ta leƙo, ta gyara kallabi.
"Wato sau biyu aka ci ni bashi,
kuma ni na rage a tsaye?
Wannan ai na san shi tun ba a yanke miki cibi ba."

Na ce akwai wanda ya fi shi wuya.
Muna da mudu, mu ma,
da muke auna manyan ƙulle-ƙulle.
A da'ira ɗaya mudu ba ya ƙarya,
in ya ce babu saura, to babu.
Amma haɗa adashi uku, kowane na mutum uku,
gida ashirin da bakwai ke nan,
mudu zai shafe baki ya ce an biya,
alhali ƙulli uku na kwance a ƙasa,
ba ya ganinsu,
hannu kuma bai iya kwance su.
Su nake bi, Inna. Su suka zurma min ido.

Ba ta yi dariya ba.
Ta daɗe tana murza wata tsohuwar naira hamsin.

"Shekarar da babanki ya kwanta," in ji ta,
"zubi uku ban da ko sisi.
Gwamma ta zuba min, ba ta faɗa wa kowa ba.
Da kaka na sayar da riɗi na biya ta tsaf.
Littafi ya ce babu saura.
Amma har yau in ta yi sallama,
ni ke fara sauka daga tabarma."

Yaro ya dawo daga gidan Barmani
hannu rabbana: wai a yi haƙuri, sai jibi.
Inna ta yi tsaki, ta kira ta da sunan da ba zan rubuta ba,
ta kwance ɗaya bakin zanen,
ta cika.

Akuya ta ratsa ta kan da'irata,
ta tafi da Tasalla a kofato.
Inna ta ce, "Bar shi haka, tashi ki hura wuta.
Gobe kya nuna min ukun nan."